Makon Kotso a Unguwannin Hausawan Kudu

Kowace Laraba kasuwar Oil Mill da ke kan titin Aba a Fatakwal takan cika ta batse, 'yan Arewa masu albasa da wake da tumatir suna cikin masu kasa kaya. Laraba ce kuma ranar da makon makarantar allo yake ƙarewa, ranar da yaro kan kai wa malam kuɗin Laraba. Wannan mako ya girmi birnin kansa. A 1912 Turawa suka kafa Fatakwal, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa ta da ramukan kwal na Inugu, kafin daga baya ya zarce Kafanchan da Kaduna. Fatake da masu shanu suka bi jirgi da kogin Kwara zuwa Anaca da Inugu, har Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Duk inda aka kafa zango akan yi masallaci, inda aka yi masallaci kuwa malami yakan shimfiɗa buzunsa, yara su kewaye shi.

Abin da kotso, wato ƙaramin almajiri ɗan shekara huɗu ko biyar, yake yi daga Asabar zuwa Laraba tsararren karatu ne mai hawa-hawa. Da ka yake farawa, malam ko gardi yana biya masa Fatiha da gajerun surori yana maimaitawa, tun bai riƙe allo ba. Sai a rubuta masa babbaƙu, ya san kowane harafi da sunan da Hausawa suka laƙaba masa bisa siffarsa, sannan farfaru, inda wasula ke shigowa, sannan ya soma haɗa baƙi. In ya riƙe darasi sai ya wanke allo a ɗora masa sabo, ba ya jiran kowa, ba a kuma ja shi gaba don wani ya wuce. Yana kallon yadda ake fiƙe alƙalami da yadda ake dama tawada da ƙaro. Alhamis da Juma'a hutu ne, al'adar da malamai ke jingina wa Halifa Umar. Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa ajin ƙananan yara suna kindagatin a Jamus a 1840, ya gina tsarinsa a kan cewa yaro ƙarami yana koyo da kunne da hannu, kuma a hankali. Malaman allo sun san haka tun da daɗewa.

Za a ce karatun hadda ne kawai, babu wasa, babu zane, ga bulala. Maganar bulala gaskiya ce, kuma babu hujjar kare ta a kan ɗan shekara huɗu. Amma wanda ya ce hadda ba ilimi ba ce, ya duba ajin nazare na yau, inda yara ke rera haruffa da lambobi cikin Turancin da ba su ji a gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na al'ummar da suke ciki. Ɗan Bahaushe a Fatakwal ko Anaca ba ya samun wannan a nazare. A gaban malam yake samunsa, domin da Hausa ake yi masa bayani, da Hausa ake tsawata masa, a garin da Ibo da Turancin buroka suka cika titi. Shi ya sa da 'yan Arewa suka koma Gabas bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, makarantar ta sake tashi tare da masallaci.

Matsalar gaskiya tana wurin haɗuwar makonnin biyu. Boko ya zo da mako na Litinin zuwa Juma'a, allo yana da nasa na Asabar zuwa Laraba, kuma babu wanda ya janye wa ɗan'uwansa. Sai allo da Islamiyya suka koma yamma da ƙarshen mako, boko ya ci safiyar Alhamis da Juma'a. Yaron da ke zuwa duka biyun ba shi da yini ɗaya cikakke da zai tashi babu darasi, alhali kowane tsarin, da yana shi kaɗai, kwana biyu yake ba shi. Iyaye ba su yi haka da mugunta ba. Tsoro suke kada ɗansu ya rasa addini ko ya rasa takarda, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai wasan da ake zargin allo da rashinsa, a ranakun Alhamis da Juma'a kotson zamanin da yake yin sa, ya yi langa da 'yar ɓuya a dandali. Gyaran yana hannun malamai da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa, su yarda a sauke wa 'yan ƙasa da shekara shida karatun Asabar ko na Lahadi.