Gādon Ɗan 'Yar'uwa a Ƙasar Akan

Fataken Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro sun tarar da wata al'ada a wurin mutanen Asante, waɗanda suke kira Tonawa, da ta ba su mamaki ƙwarai. Idan magidanci ya rasu, ba ɗansa ne yake cin gādonsa ba. Ɗan'uwansa wanda suke uwa ɗaya shi yake ci, in kuwa babu, sai ɗan 'yar'uwarsa. Asante reshe ne na babbar kabilar Akan, wadda ta haɗa da Fante da Akyem da Bono. Mutanen Akan sun kai kusan rabin jama'ar Gana, akwai danginsu kuma a Kwadibuwa.

Tushen wannan al'ada yana cikin abin da suka gaskata game da halittar mutum. Bisa ga koyarwar kakanninsu, yaro yana samun jini daga wurin uwarsa, suna kiransa mogya. Daga wurin uba kuwa yana samun wani ruhu da suke kira ntoro. Jinin shi ne yake sa mutum cikin dangi, wato abusua. Saboda haka uba da ɗansa ba dangi ɗaya ba ne, haka ma miji da matarsa. Ƙasa da kujerar sarauta na kakanni ne da suka mutu, ana kuwa ganin suna nan suna lura da masu rai. Wanda ya fitar da dukiya daga cikin jini ya yi wa matattu laifi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari ya rena mata ne. A matsayin uwa da 'yar'uwa, mace tana da girma sosai, gama ta wurinta dangi yake ci gaba. Uwar sarauta ce take fitar da sunan wanda zai hau kujerar sarki. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ita ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Amma a matsayin matar aure, wannan macen baƙuwa ce a gidan mijinta. Muddin dukiyar mutum ba ta wuce gonar doya da ayaba da 'yan kayan ɗaki ba, abin bai cika ciwo ba. Gwauruwa takan koma wurin danginta, 'ya'yanta kuma su jira gādon kawunsu. An kuma ɗora wa magaji nauyin kula da matan mamaci da 'ya'yansa, sau da dama ma yakan auri gwauruwar.

Koko ne ya rikita lissafin, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa. Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, kafin 1911 ta ƙare Gwalkwas, kamar yadda ake kiran ƙasar a zamanin Turawa, ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da shi. Itacen koko yakan yi shekaru kafin ya fara ba da amfani, sa'an nan ya daɗe yana bayarwa. Waɗanda suke sassabe da noma da ɗaukar kaya a shekarun jira, yawanci matar mai gona ce da 'ya'yanta. Ga shi mace ta ƙare ƙuruciyarta a gona, ranar da mijin ya faɗi sai wani wanda bai taɓa riƙe adda a wurin ba ya zo ya karɓa, al'ada kuwa tana bayansa. Mai hangen nesa yana iya ba matarsa wani yanki tun yana da rai, a gaban shaidu, ita kuma ta kawo abin godiya da suke kira aseda. Amma ba kowane miji ne yake tunawa da mutuwa ba.

Wasu mata suka ga gara su yi wa kansu gona ko ciniki su bar aure. Tsakanin 1929 da 1933 sarakunan wasu garuruwan Asante suka riƙa kama matan da ba su da aure, a tsare su har sai kowace ta faɗi sunan wanda za ta aura.

Mishan na Basel, waɗanda suka iso gaɓar teku a 1828, da Metodis da suka biyo a 1835, sun koyar cewa miji da mata jiki ɗaya ne, uba kuma shi ke da alhakin 'ya'yansa. Wannan koyarwa ta yi karo da tsarin abusua kai tsaye. Ikkilisiyar Faresbiteriyan ta kafa wa mutanenta ƙa'ida a raba abin da mai bi ya bari kashi uku: na gwauruwa, na 'ya'ya, da na dangi. Sai dai ƙa'idar ikkilisiya ba dokar ƙasa ba ce, idan dangi suka ƙi, ba abin da dattawa za su iya sai roƙo. Gwamnatin Turawa kuwa ta kafa dokar aure a 1884 wadda ta ba mata da 'ya'ya rabo, amma ga waɗanda suka yi auren rajista na mace ɗaya kawai, su kuwa kaɗan ne. A 1907 aka yi wa Musulmi tasu dokar, wadda ta shafi Hausawan zango a Kumasi da sauran garuruwa. Ta yarda a raba gādo bisa shari'ar Musulunci idan an yi rajistar auren cikin mako ɗaya. Ta haka ƙasa ɗaya ta kasance da hanyoyin gādo uku, rabon gwauruwa kuma ya dogara ga irin auren da aka ɗaura mata.

Samun 'yancin kai a 1957 bai sāke kome ba nan da nan. A 1959, a shari'ar da ake kira ta Quartey da Martey, alƙali Ollennu ya bayyana cewa bisa ga al'ada wajibi ne mace ta taimaki mijinta a sana'arsa, abin da aka samu kuwa na mijin ne shi kaɗai.

Gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ce ta yanke maganar a 1985, da doka mai lamba 111, wadda ta hau kan kowa, Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya. Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, kayan gida da gida ɗaya na matarsa ne da 'ya'yansa. Sauran dukiya a kasa 16: mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, kashi 2 kaɗai a bi da su bisa al'ada. Ɗan 'yar'uwa wanda dā yake kwashe duka, yanzu a cikin waɗannan biyun zai nemi rabonsa. Malaman Musulmi da yawa ba su ji daɗi ba, domin dokar ta ture rabon da addininsu ya tsara. A 1991 aka ƙara cewa korar gwauruwa ko marayu daga gida kafin rabon gādo laifi ne mai hukunci. Buƙatar wannan ƙari ta nuna irin abin da yake faruwa a gidajen makoki shekara shida bayan dokar. Tsarin mulki na 1992, a sashe na 22, ya sake tabbatar wa abokin aure rabo.

Dokar tana da gibi. Ta shafi abin da mutum ya samu da guminsa ne kawai, ban da dukiyar dangi, don haka gardama ta koma kan ƙasar da aka dasa kokon a kai, ta wa ce tun asali. Shugaban dangi ya san tarihin kowace iyaka, gwauruwa kuwa sau da yawa ba ta da takarda, kotu tana da nisa, lauya kuma sai da kuɗi. Ban da haka, dangi su ne suke da ikon gawa da jana'iza, macen da ta kai surukanta ƙara tana iya rasa mai tsaya mata a ranar tata bukatar. Inda mamaci ya bar mata fiye da ɗaya kuma, kashi 3 ɗin nan su za su raba daidai. Mata uku, kowace ta tashi da kashi 1 cikin 16, ko ta yi shekara 40 a gonar ko an auro ta bara.