Bawul Huɗu a Kan Tsohon Inji: Abin da Bedford ta Sudan Ba Ta Nema Ba

Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Sinnar, Mai Wurno da Wad Madani ya san lorin Bedford da mutanen Sudan ke kira sifinja. A Ingila aka fara ƙera wannan samfurin, TJ, a 1958, kuma kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma maƙera da makanikan Sudan sun ci gaba da raya ta. Sun ƙarfafa shasi, sun ƙara ganyen sifirin, sun gina bodin ƙarfe, har ta riƙa ɗaukar dawa da riɗi fiye da nauyin da aka tsara mata. Injinta mai silinda shida ne, bawul biyu a kowace silinda, kamshaf na can ƙasa yana buɗe su ta hanyar dogayen sandunan turi. Akasarin gwanintar tasu a ƙasan mota ta tsaya, ba a kan inji ba. Hujjata ita ce sun yi daidai, kuma tarihin waɗanda suka bi ɗaya hanyar, wato sa wa tsohon inji bawul huɗu, shi ne shaida.

Tunanin sa bawul huɗu a silinda guda tsoho ne. Motar tseren Peugeot ta 1912 ta nuna cewa ƙananan bawul huɗu sun fi manya biyu shigar da iska, sun kuma fi sauƙin motsawa idan inji na gudu sosai. Sai masu sana'a suka ga kasuwa. Ford Model T, wadda ta fito a 1908 da ƙarfin doki 20, ta cika Amurka, don haka kafin 1920 Robert Roof na jihar Indiyana ya fara sayar da kan inji mai bawul 16 da za a ɗaura mata a cire na asali. A Ingila, Harry Ricardo ya zana wa kamfanin Triumph babur mai bawul huɗu da sandunan turi a 1921. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Weslake ya ƙera kai mai bawul takwas don babur ɗin Triumph mai silinda biyu, wasu 'yan'uwa masu suna Rickman suka riƙa sayarwa. Triumph da kanta ta ɗauki tsarin a babur ɗinta TSS a 1982, amma masana'antarta ta Meriden ta rufe a 1983. A Jamus ma, kamfanin Krauser ya yi wa baburan BMW irin wannan kai wajen 1980.

Dukkansu sun yi aiki, amma babu wanda ya zama ruwan dare, kuma dalilin yana cikin ƙirar injin. Amfanin bawul huɗu ba ya bayyana sosai sai inji na juyawa da sauri, alhali a nan ne sandar turi ke gazawa: tana da nauyi, tana ɗan lanƙwasawa, bawul ya kasa komawa mazauninsa a kan lokaci. Ga shi sandunan suna ratsa kan injin ta wurin da ya kamata hanyoyin iska su bi. Dole sanda ɗaya ta buɗe bawul biyu ta wani ƙarfe mai rassa, wanda daidaita shi ke son haƙuri. Sau da yawa kuma sai an sauya fistan da bututun hayaƙi. Ya zama kamar faɗaɗa bakin tulu alhali wuyansa na nan yadda yake. Direban da ya maƙale a baƙar lakar yankin Jazira na Sudan da damina ƙarfin ja a ƙaramin gudu yake nema, da inji da za a kwance a gyara a gefen hanya, kuma bawul biyu sun wadatar da hakan.

Wani zai ce talauci ne da rashin masana'antar narka ƙarfe suka hana makanikan Sudan, ba hikima ba. Gaskiya ne zuba kan inji, da hanyoyin ruwa a cikinsa, ya fi walda wuya nesa ba kusa ba. To amma Amurka da Ingila suna da masana'antun da kuɗin, duk da haka kayan bai wuce hannun 'yan tsere da masu sha'awa ba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ai a 1998 kamfanin Cummins ya fitar da injin dizal mai silinda shida da bawul 24, yana nan da sandunan turinsa, kuma ya karɓu ƙwarai. Haka ne, sai dai a nan buƙatar daban ce. Bawul huɗu suna ba da damar kafa nozul a tsaye a tsakiyar silinda, mai ya ƙone daidai, hayaƙi ya ragu kamar yadda dokokin Amurka suka tilasta. Dizal ba ya gudu da yawa, don haka sanda ba ta cutuwa. Kuma kamfanin ne ya tsara kai da fistan da famfon mai tare tun daga masana'anta, kamar yadda Harley-Davidson ya yi a 2016 da injinsa Milwaukee-Eight, ba ɗauri ba ne da aka yi wa tsohon inji daga baya.