Aikin Sa-kai na Gajeren Zango a Mishan ɗin Eswatini: Tambayar Wa Ke Riƙe da Marayu

Tsakure

Maƙalar ta duba ayarin Kiristoci masu aikin sa-kai da ke zuwa Eswatini na mako ɗaya ko biyu domin hidimar marayu. Ta kafa hujja da tarihin mishan a ƙasar, da shirin Bruce Wilkinson na 2005, da binciken masana, domin nuna cewa amfanin baƙo ya rataya ne ga shigarsa ƙarƙashin tsarin riƙon yara da ya tarar.

Gabatarwa

Duk wanda ya sauka Eswatini da sunan kai bishara zai tarar an riga shi da fiye da shekara 170. Labarin baka na Swazi, mutanen ƙasar, ya ce Sarki Somhlolo ya yi mafarkin baƙi ɗauke da littafi da kuma kuɗi, ya umarci mutanensa su karɓi littafin, su yi hattara da kuɗin. A zamanin ɗansa Mswati II, James Allison na cocin Metodis ya iso a 1844, aka kafa tashar Mahamba. Harmon Schmelzenbach na cocin Nazarene ya zauna a Endzingeni a 1910, Katolika suka biyo baya a 1914. Yau mafi yawan 'yan ƙasar Kiristoci ne, kuma kaso mai tsoka na cikin majami'un Sihiyona waɗanda 'yan ƙasa ke jagoranta. Saboda haka abin da ke kawo matasan coci daga Amurka a yanzu ya fi karkata ga jinƙai, musamman ga marayun cutar ƙanjamau, kuma da ma'aunin jinƙai ya kamata a auna su.

Tsarin da baƙi suka tarar

Annobar ta yi wa ƙasar mugun kamu. Binciken lafiya na 2006 zuwa 2007 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Amma Swazi ba su naɗe hannu ba. An kafa hukumar yaƙi da cutar, NERCHA, a 2001, aka farfaɗo da gonakin indlunkhulu da ake nomawa ƙarƙashin hakimai domin ciyar da marasa ƙarfi, aka gina cibiyoyin al'umma na KaGogo, aka buɗe wuraren kula da yara na unguwa inda mata ke dafa abinci ba tare da albashi ba. Ginshiƙin wannan tsari kuwa ita ce gogo, wato kaka, wadda ta binne 'ya'yanta ta koma renon jikoki. Akwai kuma batun ƙasa, wanda baƙi kan manta da shi. Mafi yawan filaye suna hannun sarki a madadin al'umma, hakimai ke ba da su ta hanyar kukhonta, wato mubaya'a ga hakimi, don haka yaron da aka ɗauke daga gidan ubansa yana iya rasa gonar gidan da matsayinsa a dangi.

Wannan ne abin da Bruce Wilkinson, marubucin The Prayer of Jabez, bai auna ba. Ƙungiyarsa Dream for Africa ta kawo ɗimbin masu sa-kai suna shuka lambunan kayan miya a ƙauyuka, sannan a 2005 ya nemi a ba shi fili mai eka 32,500 domin gina ƙauyen da zai ɗauki marayu 10,000, haɗe da harkar yawon buɗe ido da za ta riƙe shi. Jaridun ƙasar suka yi ca, gwamnati ba ta amince ba, kafin ƙarshen shekarar ya ajiye aikin ya koma Amurka. Babu dalilin zargin niyyarsa. Kuskuren yana cikin zaton cewa maraya ba shi da kowa, alhali a tsarin Swazi yaron da ya rasa iyaye yana da kaka da baffa da hakimin da ke da alhaki a kansa. Yaran da aka shirya kwasowa sun ci gaba da zama a hannun kakanninsu bayan tafiyarsa, kamar yadda suke kafin zuwansa.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2010 Linda Richter da Amy Norman sun yi nazari kan ziyarar masu sa-kai ga gidajen marayun ƙanjamau a Afirka, suka nuna cewa ƙaramin yaro na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da mai reno guda, kuma sabawa da rabuwa a kai a kai na iya yi masa illa. Yaron da ya ruga ya rungume baƙon da bai taɓa gani ba yakan taɓa zuciyar baƙon, amma masana halayyar yara suna kallon hakan a matsayin alamar raunin shaƙuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma yaron da mutuwa ta riga ta raba shi da uwa shi ne mafi ƙarancin juriya ga wata rabuwar.

Hujjojin masu kare tafiyar

Za a ce baƙi ne suka gina asibitin Raleigh Fitkin Memorial da ke Manzini. Gaskiya ne, amma Dakta David Hynd da ya buɗe shi a 1927 ya ƙare rayuwarsa a ƙasar, ya horar da 'yan Swazi aikin jinya, kuma wannan horon ne ya sa asibitin ya rayu bayansa. Misalinsa hujja ce ga dogon zama. Likitan ido ko na tiyata da ya zo na mako biyu yana iya yin aiki na gaske, muddin akwai asibitin gida da ya tantance majinyata kuma zai bibiye su.

Hujja ta biyu ita ce ziyara na buɗe aljihun maziyarci, ya koma gida ya ci gaba da bayarwa. Kurt Ver Beek ya gwada wannan zato a kan masu sa-kai da suka gina gidaje a Honduras bayan guguwar Mitch ta 1998, kuma bai sami ƙarin bayarwa mai yawa da ya ɗore ba, duk da cewa su da kansu sun ce tafiyar ta canja su. Honduras ba Eswatini ba ce, amma nauyin kawo shaida ya koma kan mai da'awar.

Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma ba ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi ba: kakanni sun gaji, wasu gidaje yara ne ke riƙe da yara, wasu marayun kuma ana zaluntar su a hannun dangi. Duk wannan haka yake. Sai dai abin da ya gaji kakar shi ne rashin masara da kuɗin makarantar sakandare, tun da karatun kyauta da aka fara a 2010 firamare ya shafa. Ayarin da ya zo bisa gayyatar cocin unguwa, ya yi aikin da fasto da mata masu dafa abinci suka zaɓa, ya bar renon yara ga waɗanda ke jin harshen siSwati, ya kuma bayyana nawa ya tafi ga tikitin jirgi, nawa ya isa tukunya, wannan ayari yana rage wa kaka kaya. Yaron da ake zalunta kuwa yana buƙatar jami'in jin daɗin jama'a da zai dawo gidan wata mai zuwa ya duba shi, kuma Dokar Kare Yara ta 2012 ta ɗora wannan aiki a kan hukumomin ƙasar.