Kuɗin Jama'a a Fagen Ƙuri'ar Haraji: Nazarin Iyakar Wayar da Kai da Kamfe a Dokokin Kalifoniya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halaccin kashe kuɗin baitulmali da ƙananan hukumomin Amurka kan yi domin karkato ra'ayin masu ƙuri'a a kan ƙudurorin haraji, ta kuma fi mayar da hankali ga jihar Kalifoniya. An bi diddigin hukunce-hukuncen kotu daga 1927 zuwa 2009, tare da tarar da aka ci wasu hukumomi biyu a 2018 da 2020. Nazarin ya nuna cewa ƙa'idar da ta raba wayar da kai da kamfe lafazi take aunawa, ba tasiri ba. Hukuncin saɓa mata kuma ba ya taɓa harajin da aka samu, kuma da wuya ya kai ga aljihun jami'in da ya sa hannu.

Gabatarwa

A Nijeriya majalisa ce ke yanka haraji, talaka sai dai ya ji labari. A Kalifoniya lamarin ya sha bamban tun 1978, lokacin da masu ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 13. Ƙudurin ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu, ya kuma shar'anta cewa duk harajin da aka keɓe wa wani aiki na musamman sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 1996 Ƙuduri na 218 ya ƙara ɗaure igiyar: ko harajin gama-gari ne, sai an kai shi gaban jama'a sun amince da rinjaye.

Wannan ya sanya majalisar birni a wani matsayi mai wuyar sha'ani. Ita ke rubuta ƙudurin, ita ta san abin da ke cikin asusu, ita za ta kashe kuɗin idan an amince. Amma da zarar ƙudurin ya hau takardar ƙuri'a, doka ta ce ba ta da damar ɗaukar ko sisi daga baitulmali ta roƙi mutane su ce e. An dai bar mata ta yi bayani. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce, ina bayani yake ƙarewa, roƙo ya fara, kuma me ke samun wanda ya tsallake iyakar?

Tushen haramcin

Hukunci na farko mai muhimmanci shi ne na shari'ar Mines da Del Valle a 1927, inda Kotun Ƙolin jihar ta ce jami'an birnin Los Anjeles sun saɓa doka da suka kashe kuɗin hukuma wajen tallata lamunin faɗaɗa wutar lantarkin birnin. Amma dalilin da kotuna suka fi jingina da shi daga baya, daga jihar New Jersey ya fito. A 1953 hukumar makarantun Parsippany-Troy Hills ta buga wani ɗan littafi a kan lamunin gina azuzuwa. Yawancin shafukansa alƙaluma ne na yawan ɗalibai da kuɗin gini, sai dai a bango da wasu shafuka an rubuta kira ƙarara cewa a jefa ƙuri'ar amincewa. Mai shari'a William Brennan, wanda daga baya ya hau Kotun Ƙolin Amurka, ya ce alƙaluman halal ne, kiran kuwa haram. Hujjarsa ita ce kuɗin da aka buga littafin da su na masu goyon baya ne da masu adawa baki ɗaya, don haka bai dace a ɗauki kuɗin mutum a yaƙi ra'ayinsa da su ba.

A kan wannan tubali Kotun Ƙolin Kalifoniya ta gina hukuncin Stanson da Mott a 1976. William Penn Mott, daraktan sashen wuraren shaƙatawa na jihar, an zarge shi da kashe fiye da dala 5,000 wajen tallata lamunin dala miliyan 250 da aka kai gaban masu ƙuri'a a watan Yunin 1974. Mai shari'a Mathew Tobriner ya rubuta cewa matuƙar majalisar dokoki ba ta ba da izini a fili ba, babu hukumar da za ta kashe kuɗin jama'a don goyon bayan wani ɓangare a zaɓe. Ya kawo abubuwan da ba a tababar haramcinsu, irin su fastoci da takardun liƙawa a mota da sayen lokaci a rediyo da talabijin. Abin da ya faɗo tsaka-tsaki kuwa, ya ce a auna shi da abu uku: salonsa, yanayin muryarsa, da lokacin da aka fitar da shi.

Akwai wani ɓangare na hukuncin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi tasiri a aikace. A ƙarƙashin hukuncin 1927, jami'in da ya kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya daga aljihunsa, ko da kyakkyawar niyya ya yi. Kotun 1976 ta sassauta wannan, ta ce sai idan an tabbatar bai yi taka-tsantsan da ya kamata ba. A aikace wannan yana nufin jami'in da ya nemi shawarar lauyan hukuma kafin ya sa hannu ya samu garkuwa mai ƙarfi.

Salinas: lokacin da gaskiya ta zama makami

Shari'ar Vargas da Birnin Salinas ce ta gwada ƙa'idar sosai. Wasu mazauna birnin sun tattara sa hannu, a 2002 aka kai Ƙuduri O gaban masu ƙuri'a, da nufin soke harajin da ake ɗora wa kuɗin wuta da gas da tarho. Harajin yana kawo wa birnin kimanin dala miliyan 8 a shekara, wato kusan kashi 13 cikin 100 na babban asusunsa. Majalisar birnin ba ta ce wa kowa ya ƙi ƙudurin ba. Abin da ta yi shi ne ta zauna watanni kafin zaɓe ta amince da jerin ayyukan da za a datse idan ƙudurin ya wuce, ciki har da ɗakunan karatu da wuraren wasannin yara. Sai aka sa jerin a shafin intanet na birnin, aka buga shi a takarda mai shafi ɗaya da aka ajiye a ofisoshin hukuma, aka kuma saka shi cikin mujallar da birnin ya saba aika wa mazauna. Ƙudurin ya faɗi.

Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke birnin bisa hujjar cewa babu inda aka rubuta umarni kai tsaye na a zaɓi kaza. A 2009 Kotun Ƙolin jihar, ta bakin babban mai shari'a Ronald George, ta yi watsi da wannan ma'auni, domin duk mai wayo zai iya yin kamfe ba tare da ya furta kalmar zaɓa ba. Duk da haka ita ma ta wanke birnin. Ta ce hukuma ba ta da wajibin zama 'yar ba-ruwanmu: tana iya nazarin ƙuduri, ta ɗauki matsaya, ta bayyana ta. Abin da aka hana shi ne shirya kamfe. Kayan da Salinas ta fitar kuma, a ganin kotun, muryarsu a natse take, kuma ta hanyoyin da birnin ya saba magana da jama'a aka bi.

A nan ne ƙa'idar ta nuna rauninta. Uwar da ta karanta cewa za a rufe ɗakin karatun da 'ya'yanta ke zuwa bayan makaranta ba ta buƙatar wani ya ce mata ta ƙi ƙudurin. Jerin abin da za a datse ya fi kowace fasta aiki, kuma majalisar da ke son harajin ya ɗore ita ce ke zaɓar abin da za ta sa a sahun gaba. Tana iya fara ambatar 'yan kwana-kwana da ɗakin karatu, ta bar alawus ɗin manyan ma'aikata a ƙasan takarda. Kowane layi gaskiya ne, jerantawar ce kamfe, kuma ma'aunin salo da murya ba ya kama jerantawa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Barazanar Salinas ba ta fatar baki ba ce: a ƙarshen 2004, bayan masu ƙuri'a sun ƙi wasu ƙudurorin ƙarin haraji, majalisar ta yanke shawarar rufe ɗakunan karatunta uku, har da mai ɗauke da sunan marubuci John Steinbeck, ɗan asalin birnin. Sai da aka yi gangamin tara gudummawa, sannan aka amince da sabon haraji a 2005. Dokar da za ta rufe bakin hukuma gaba ɗaya za ta bar masu ƙuri'a su yanke hukunci cikin duhu, alhali masu adawa da haraji suna da damar kashe kuɗinsu yadda suka ga dama. Wannan hujja ce ta sa shi kansa Brennan, a 1978, ya dakatar da umarnin kotun Massachusetts da ya hana birnin Boston kashe kuɗi kan wani ƙudurin harajin kadarori, watanni kaɗan bayan Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe kuɗi a ƙuri'ar raba gardama a shari'ar Bellotti. Daga baya ma, a 2006, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce birnin Union na jihar Ohayo bai take haƙƙin kowa na tsarin mulkin ƙasa ba da ya yi amfani da kuɗinsa wajen adawa da wani ƙuduri. Ke nan haramcin ya fi dogara ga dokokin jihohi, ba ga kundin tarayya ba.

Hukunci da wanda ke biyansa

A takarda, dokokin Kalifoniya suna da haƙora. Sashe na 54964 na kundin dokokin gwamnati ya hana jami'an ƙananan hukumomi kashe kuɗi don goyon baya ko adawa da ƙuduri, ya bar musu bayani na gaskiya mara son kai. Sashe na 7054 na dokar ilimi ya yi wa hukumomin makarantu irin wannan iyaka. Sashe na 8314 ya tanadi tarar da za ta iya kai dala 1,000 a kowace rana, haɗe da ninki uku na abin da aka kashe. Amma lauyoyin gwamnati ne ke da ikon shigar da irin wannan ƙara, kuma sau da yawa ofishinsu na cikin masu cin moriyar harajin. Hukumar FPPC, mai sa ido kan kuɗaɗen siyasa tun bayan dokar 1974, ba ta da hurumin hukunta almubazzaranci da dukiyar jama'a. Abin da take iya kamawa shi ne rashin bayyana kuɗin kamfe da rashin sa sunan mai ɗaukar nauyin talla.

Misalai biyu sun isa. A 2016 hukumar jiragen ƙasa ta BART, a yankin San Faransisko, ta nemi amincewa da lamunin dala biliyan 3.5 ta Ƙuduri RR, ta fitar da bidiyoyi da saƙonnin waya, aka kuma amince. A Disambar 2018 aka ci ta tarar dala 7,500. A Maris 2017 gundumar Los Anjeles ta kai Ƙuduri H, na ƙarin kwata ɗin santi a kan kowace dala ta harajin saye da sayarwa na tsawon shekara goma, domin taimakon marasa matsuguni. An ƙiyasta zai kawo kusan dala miliyan 355 a shekara. Gundumar ta kashe kimanin dala miliyan guda a tallace-tallace, har da na talabijin, wato ainihin abin da hukuncin 1976 ya ambata da suna. Ƙudurin yana buƙatar kashi biyu cikin uku, ya samu kimanin kashi 69. Tazarar ba ta kai maki uku ba. Ƙungiyar masu biyan haraji ta Howard Jarvis ta kai ƙorafi, a 2020 aka sasanta a kan dala miliyan 1.35.

Idan aka raba miliyan 355 ga kwanakin shekara, za a ga tarar ba ta kai kuɗin shigar kwana biyu ba. Kuma daga baitulmalin gundumar aka biya ta. Mai biyan harajin da ya ƙi ƙudurin ya biya kuɗin tallar da aka yaƙe shi da ita, ya biya tarar, ya kuma ci gaba da biyan harajin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya ce zai kai ƙara da kansa kuma yana da darasi daga Salinas, inda aka yi amfani da dokar kare masu magana daga ƙararrakin tsoratarwa aka kori ƙarar, aka kuma ɗora wa masu ƙarar kuɗin lauyoyin birnin, fiye da dala 200,000.

Akwai kuma ƙofar da kotuna suka bari a buɗe da gangan. Hukuncin da aka yanke kan ƙungiyar hukumomin gundumar Santa Barbara a 2008 ya tabbatar cewa rubuta ƙuduri da shirya shi kafin ya hau takardar ƙuri'a aikin mulki ne, ba kamfe ba. Saboda haka hukuma tana iya ɗaukar ƙwararru su yi ƙuri'ar jin ra'ayi, su gano kalmomin da suka fi sanyaya zuciyar mazauna, a zuba su cikin tambayar da mai ƙuri'a zai karanta a rumfar zaɓe. Aikin da ya fi tasiri an gama shi tun kafin haramcin ya fara aiki.

Wasu jihohi sun kama matsalar ta wata fuska. Sashe na 255.003 na dokar zaɓen Texas ya mayar da kashe kuɗin jama'a a tallar siyasa laifi a kan jami'in da kansa. Kolorado ta ƙayyade abin da jami'i mai tsara manufofi zai kashe wajen bayyana ra'ayinsa a dala 50, ta kuma ce duk taƙaitaccen bayanin da hukuma za ta raba sai ya ƙunshi hujjojin masu goyon baya da na masu adawa. A ganin wannan nazari, tsarin Kolorado ya fi kusa da dalilin da Brennan ya kafa a 1953, domin bai bar wa alƙali aikin auna murya ba. Abu biyu yake tambaya da akawu zai iya amsawa: nawa aka kashe, kuma an bai wa ɗaya ɓangaren gurbi a takardar? Da irin wannan sharaɗi ya hau kan Salinas, da jerin ayyukan da za a datse ya fito kafaɗa da kafaɗa da lissafin masu neman soke harajin, a takarda ɗaya da kuɗin dukkansu suka buga.