Tanut: zangon da muke wucewa a guje

Hutun bara na shiga kar daga Damagaram za ni Agadas gun yayata. Mun ci wajen kilomita 140 sai mota ta lalace a Tanut, muka yini muka kwana. Da farko haushi na ji, na ce wannan gari me ke cikinsa in ba ƙura ba? Wani tsoho mai sayar da shayi ya dube ni ya ce: "Ɗana, kakanninka a nan suke cin tuwo kafin su shiga rairayi."

Da na komo lakwal sai na bi maganarsa. Ashe ƙasar Damargu ita ce rumbun hatsin Abzin. Buzaye kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. Ayarin da ke tasowa daga Turabulus ya bi ta Gat da Agadas, nan yake ya da zango kafin Damagaram da Kano. A Janairun 1851 Bature Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Tagelel cikin Damargu, can ya rabu da abokinsa Richardson. A 1899 sojojin Faransa na Foureau da Lamy suka biyo wannan hanya daga Aljeriya.

To me ya kashe ta? A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yi wa watanni cikin Sahara sai suka riƙa zuwa ta teku da araha. Madugai suka rasa aiki. A 1926 kuma Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, ido ya koma yamma.

Amma hanya ba ta mutu ba, kaya ne ya canza. Daren nan na ga kamyo cike da mata da yara za su arewa. Na tuna Oktoban 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 bayan Arlit, ƙishirwa ta kashe su, galibinsu mata da yaran Kance. Kakanninmu hatsi suke kaiwa arewa, mu yau ƴan uwanmu muke kaiwa neman abinci.

Abokai, in kun biyo ta Tanut ku sauka ku tambayi tsofaffi. Ni dai ban ko tambayi sunan mai shayin ba, har yau abin na damuna.