Daga Gandu Zuwa Kamfani: Yadda Gidan Ɗantata Ya Riƙe Dukiyarsa

Gabatarwa

Tara dukiya abu ne mai wuya, amma riƙe ta bayan rasuwar wanda ya tara ta ya fi wuya. Don haka ne manyan masu arziki na Turai da Amurka sukan kafa ofishi na musamman mai kula da dukiyar iyali, kamar wanda gidan Rockefeller ya kafa a 1882. Attajiran ƙasar Hausa ma sun daɗe suna fama da wannan matsala, kuma suna da tasu dabara. Wannan maƙala za ta duba dabarar ta hanyar tarihin wani gida da ya taso daga Bebeji, a kudancin ƙasar Kano.

Matsalar Gado

A shari'ar Musulunci, da zarar mutum ya rasu dukiyarsa ta zama ta magada. Namiji yana da rabon mata biyu, matan mamaci su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji. Attajiri mai mata huɗu da 'ya'ya barjak, jarinsa kan tsinke gida-gida cikin ɗan lokaci. Manoma sun rage kaifin wannan ta hanyar gandu, watau 'ya'ya su ci gaba da noma tare a ƙarƙashin uba ko babban wa. Fatake kuwa sun dogara ga tsarin maigida da yaransa: maigida ya ba yaro jari, ya yi masa aure, ya ba shi muhalli, yaro kuma ya juya kuɗin bisa amana. To amma amanar nan ga mutum ɗaya take rataye, sau da yawa kuma tare da shi ake binne ta.

Bebeji da Tata

Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma Agalawa da yawa sun zauna a cikinsa. A nan aka haifi Alhassan a 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce. Uban ya rasu Alhassan yana ƙarami, aka raba gado, abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba. Uwar ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau, ta bar shi hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya sami laƙabin Ɗantata. An ruwaito ita ce ta koya masa ajiya a asusu. Sa'an nan Basasar Kano ta 1893 zuwa 1894 ta rutsa da Agalawan Bebeji, har aka kama shi, sai da fansa ya kuɓuta. Ke nan tun yana saurayi ya ga yadda mutuwa da yaƙi suke watsa dukiyar gida.

Gyaɗa da Sabon Tsari

Bayan ya yi shekaru yana fataucin goro, har yana bi da kaya ta teku zuwa Ikko, Alhassan ya koma birnin Kano da zama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, daga baya kuma U.A.C. Tsohon tsarin maigida ya yi amfani da shi: ya riƙa ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka su sayo. Abin da ya ƙara shi ne akawu da littafin lissafi da banki. An ruwaito cewa da aka buɗe reshen bankin B.B.W.A. a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Daɗin daɗawa, ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun suna ƙanana, kowa da ɓangarensa.

Wasiyyar 1955

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya hore su da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su bari kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya rushe. Ya rasu ran 17 ga Agusta na shekarar. Hikimar da ke nan ita ce, shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, kamfani kuwa ya ba su hanyar haɗa haƙƙoƙin nan wuri guda ba tare da an wargaza jari ba. Gandu ne aka sa masa rigar doka. Ahmadu ya shugabanci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sai Aminu ya karɓa ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da sauran harkoki. Shi kuma ya rasu a 2025. Sanusi ya kafa tasa babbar harka, kuma jikansa ta wajen 'yarsa Mariya, Aliko Ɗangote, da rance daga dangin uwa ya soma ciniki a 1977. A 2024 Aliko ya bayyana shirin buɗe ofishin kula da dukiyar iyalinsa a Dubai.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, dukiyar gidan ta ɗore ne saboda abu uku: rubutaccen lissafi, horar da magada tun uba yana raye, da amintaccen bara wanda ya san sirrin kuɗi. Akwai aiki a gaban manazarta, domin gidajen Agalawa da Tokarawa na Bebeji da Ƙiru har zuwa Burumburum suna da irin wannan tarihi a bakin tsofaffi, kuma ya kamata a tattara shi tun masu shi suna da rai.