Littattafan da Suka Haifi Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce

A shekarar 1933 wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya bi manyan garuruwan Arewa yana neman malaman da za su ƙaga masa labarai cikin Hausar boko. Shi ke riƙe da Hukumar Fassara da ke Zariya, kuma abin da ya dame shi a fili yake: makarantun boko sun fara yaye yara masu iya karatu, amma ba su da abin karantawa don nishaɗi. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da alƙalami, sai dai alƙalamin na fiƙihu ne da wa'azi da waƙoƙin bege. Tatsuniya kuwa ta tsofaffi ce da yara, bayan an ci tuwon dare. A ce malami da rawaninsa ya zauna ya tsara labarin da ya san bai auku ba, wannan a wurin mutane da yawa zubar da girma ne.

Duk da haka aka samu waɗanda suka amsa, kuma littattafai biyar suka fito daga gasar da aka shirya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Daga nan ake fara lissafin ƙagaggun labaran Hausa. Kowane da inda ya ɗebo ruwansa. Bello Kagara ya ɗauko labaran zuwan Turawa da yaƙin Kwantagora, waɗanda a lokacin akwai sauran masu ba da su da baki, ya haɗa su da duniyar aljannu irin ta littattafan Larabci. Tafawa Ɓalewa ya bi sawun bayin da ake ƙetara Sahara da su, ya ba mu uwar da ta bar gida tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane.

Amma wanda ya fi shiga zuciyar jama'a shi ne Ruwan Bagaja. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, gidan malamai ne, mahaifinsa alƙali. Ya tashi da karatun allo da na littattafan zaure, sannan ya shiga Kwalejin Katsina ya ƙware a Ingilishi. Yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Duk wanda ya karanta littafin ba zai manta da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba, yadda suke haɗuwa gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama, su rabu, su sake gamuwa inda ba a zata ba. Wannan tsari daga Maƙamatul Hariri ya fito, littafin da almajirai ke karanta a zaure don gogewa a luggar Larabci, inda Harisu ke ta cin karo da Abu Zaidi mai yaudara cikin kamanni iri-iri. Abubakar Imam da kansa bai ɓoye wannan ba. Neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki a cikin Ruwan Bagaja kuma yana da ɗan'uwa a cikin tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu Grimm suka tattara. Abin da babu shi a Hariri, babu shi a Grimm, shi ne bakin Malam Zurƙe, da gatsen 'yan kasuwa, da fadancin da ake yi a gaban sarakunanmu. Waɗannan Imam da kunnensa ya ji su.

East ya gane abin da ya samu. A 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina, ya zo Zariya ya yi wasu watanni, aka jibge masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban: Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai, da na Indiya. Daga wannan zama aka samu Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939.

A nan ne ake ganin gwanintar sosai. Akwai wani tsohon littafin Indiya mai suna Shukasaptati, labarai saba'in na wani aku. A cikinsa ɗan kasuwa ne ya yi tafiya, matarsa na son fita da dare wurin wani namiji, aku kuwa kullum ya tsare ta da labari har gari ya waye. Imam ya san wannan ba zai shiga aji a Katsina ko Sakkwato ba. Sai ya riƙe akun, ya riƙe dabarar tsare mutum da labari, ya sauya sauran duka. Matar ta koma Musa ɗan Sarki Abdurrahman, mai ɗokin bin mahaifinsa fagen fama. Haɗarin da ke waje ya koma makircin Waziri. Da wannan sauyi labarin kwartanci ya zama labarin amana da sarauta, kuma babu ɗan makarantar da ya taɓa jin cewa akun nan baƙo ne. Sai wanda ya karanta da yawa ne ke iya irin wannan, domin shi ya ga labari ɗaya cikin riguna daban-daban har ya san abin da ke riƙe da shi da abin da za a iya cirewa.

Daga baya manazarta, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran ɗaya bayan ɗaya suka nuna tushen da yawansu, har aka yi ta muhawara a kan ko Imam mai ƙirƙira ne ko mai baddalawa. Binciken yana da amfani ƙwarai, kuma ni a ganina ƙara wa Imam daraja ya yi. Littattafan da ya ɗebo labaran daga cikinsu suna hannun mutane da dama a zamaninsa. Shi kaɗai ya fitar da Magana Jari Ce daga cikinsu. Ba shi kaɗai ba ne kuma ya bi wannan hanya: Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin wani jarumin Rasha, Iliya Muromets, ya samo asali.

A 1939 Imam ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, aikin jarida ya ɗauke shi. Hukumomin buga littattafai suka yi ta sauyawa, daga Kamfanin Gaskiya a 1945 zuwa NORLA, zuwa NNPC a 1966, sababbin labarai kuwa suna fitowa jefi-jefi. Sai wajen 1980 gasar NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, soyayyar saurayi da budurwa ta zama jigo a kan kanta.

Abin da ya biyo baya a Kano ba hukuma ce ta shirya shi ba. Matasa suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya a ƙananan shaguna, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya yage. Waɗannan marubuta su ma masu karatu ne kafin su zama masu rubutu: sun taso da Imam a makaranta, wasunsu da James Hadley Chase da Mills and Boon, kusan dukansu da finafinan Indiya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasa a farkon shekarun 1990. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Na biyun Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft ya buga shi a Indiya a 2012.